Kiran da Na Ƙi Ɗauka a Masar

Ana sallame sallar asuba muka bar Takur, mu uku a motar ofis, ni da abokan aikina biyu na sashen kula da lafiyar dabbobi. An yi ruwa kafin gari ya waye, titi duk ya jiƙe, duwatsun Dutse sun yi baƙi ƙirin. Kwas aka tura mu na mako uku a ƙasar Masar, a kan kiwon shanun madara. Da yawanku kun tare ni a masallaci da kasuwa kuna tambayar yadda tafiyar ta kasance, ina cewa alhamdu lillahi ina wucewa. To ga labarin yau, in ba ku shi sau ɗaya in huta.

Na tafi ne na bar mahaifina, Baffa, a kwance a rugarmu da ke bayan Aujara. Tun farkon damina ƙafafunsa suka kumbura, numfashi kuma yana yi masa wuya in ya kwanta. Kwana biyu kafin tafiyar na je na yi masa sallama, na ce in yana ganin in fasa sai in fasa. Ya ce in tafi, aikin hukuma ne. Ƙanena ne ke jinyarsa, kuma na san ba zai yi sakaci ba. Abin da ya rage shi ne yadda za a same ni in wani abu ya taso.

Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Dutse ba, ni kuwa ina cikin waɗanda suka fara rataya ta a ƙugu. Na je har Kano, ofishin kamfanin, aka buɗe mini layi don ya yi aiki a ƙasar waje, abin da suke kira romin. Sai da na ajiye musu kuɗi masu nauyi a matsayin jingina, sannan ma'aikaciyar ta yi mini bayanin da ya sa na gyara zama. A can, ko kai aka kira, muddin ka ɗauka kai ma za a caje ka, kuma hirar minti biyar ta isa ta cinye kuɗin ɗan akuya. Waɗanda suka san ni sun san hannuna ba ya buɗewa da sauri. Matata tana cewa ko ashana na sayo sai na ƙirga tsinkayen.

Don haka na zauna na tsara dabara, har ina yaba wa kaina. Sabis bai kai rugarmu ba, saboda haka kowace Juma'a ƙanena zai hau babur ya zo Dutse, ya je wurin mai lemar nan da ke kiran waya na kuɗi a bakin titin Takur, ya yi mini filashin bayan an sauko daga masallaci, wato ya kira ya katse kafin a ɗauka. Sau ɗaya, lafiya lau ke nan. Sau biyu, in nemi wayar kati a can in kira lambar mai lema. Na ja masa kunne cewa ni ba zan ɗauka ba, kada ma ya ɓata lokacinsa.

"To in abu ya faru ba ranar Juma'a ba fa, Hamma?" in ji shi, don haka muke kiran babban wa a gidanmu.

Na ce filashin biyu dai, ko wace rana ce.

A Kwanar Huguma 'yan hisba suka tsayar da mu, suka leƙa but ɗin mota, suka ga jakunkuna da ƙullin kilishi, suka yi mana addu'ar sauka lafiya. A Wudil kogi ya cika har ya shanye gonakin bakinsa. Babban abokin tafiyarmu, wani dattijo mutumin Buji da ba ya wasa da cikinsa, ya sa aka tsaya ya sayi soyayyen kifi, wai bai san abin da zai tarar a ƙasar Fir'auna ba. Mun isa filin jirgin Kano da hantsi, amma sai bayan la'asar jirgi ya ɗaga.

Alƙahira gari ne da ba ya yin shiru. Odar mota daga safe har dare, kuma tsallaka titi sai ka yi shahada tukuna. Dabarar da muka koya ita ce mu laɓe a gefen wata tsohuwa 'yar gari, in ta taka mu taka. An sauke mu a wani masauki na ma'aikatar gona, ni da mutumin Buji ɗaki ɗaya. Kullum da safe wake ne da aka dafa har ya narke, a zuba masa mai da lemon tsami, a haɗa da gurasa. Gurasar nan araha kamar kyauta, kuɗin ƙosai uku a Dutse ya ishe ka ka ci ka bar saura. Akwai kuma wani abinci da suke kira kushari, shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa duk a kwano ɗaya. Mutumin Buji ya ce wannan ragowar tukwane ce aka haɗa mana, amma kwano biyu yake tashi da su. Nama ne mai tsada. Duk inda muka shiga sai a ce mana 'yan Sudan, mu gyara, gobe a sake.

Ina kunna wayata layi ya kama, na ji daɗi. Sai dai na gano wani abu da ba a gaya mini a Kano ba: in kira ya shigo daga gida, lambar mai kiran ba ta fitowa. Waya za ta yi ƙara kawai, ba ka san ko wane ne ba. Kuma tana yi. Makiyaya masu neman allurar shanu, 'yan ofis, masu gayyatar ɗaurin aure, duk waɗanda ba su san na yi tafiya ba. Sai na ba kaina doka, duk ƙarar da ta yi tsawo ba daga gidanmu ba ce, don ɗan'uwana ya san ƙa'ida. Na sayi katin waya na 'yan fam kaɗan, irin wanda ake zurawa a akwatunan bakin titi, na adana shi a aljihu. Juma'ar farko waya ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya, na yi hamdala na mayar da ita ƙugu.

Ranar Laraba ta mako na biyu aka kai mu wani ƙauye a arewacin birnin, inda kogin Nilu ke rarrabuwa. Ƙasa baƙa, kore ko'ina, ba ka ganin taki ɗaya da aka bari ba shuka. A can na ga abin da ban taɓa zaton gani ba, ɓauna a ɗaure a turke, wata mata ta durƙusa tana tatsar ta kamar saniyar gida. Ni da na tashi ina jin labarin ɓauna a matsayin dabbar da ke kashe maharba. Madarar fara sol, mai kauri, man da ke cikinta ya ninka na shanunmu. Na tsaya ina kallo ina tunanin yadda zan ba Baffa wannan labari, da yadda zai ce ƙarya nake yi.

Ina tsaye a wurin, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, waya ta fara ƙara. Na ciro ta na duba, babu lamba. Ta yi ta yi har ta gaji ta katse. Ba a yi minti ɗaya ba ta sake, ita ma har ƙarshe. Da ta fara ta uku, mutumin Buji ya dafa kafaɗata.

"Malam, ɗauki wayar nan mana. Mai neman allura ba ya naci haka."

"Alhaji, ba filashin ba ne," na ce masa. "Da gida ne da an katse."

"Ko minti ɗaya ne ka ji ko wane ne. Ka bar tsoho ba lafiya."

Na ce minti ɗayan nan ai shi ne abin gudu. Ina riƙe da ita a tafin hannuna har ta yi shiru. Ya girgiza kai ya koma wurin ɓaunarsa.

Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Da muka koma birni da yamma na zura katina a akwatin bakin titi na kira mai lema, ya ce shi bai ga ƙanena ba tun Juma'a. Na katse da sauri, na ce wa kaina ka gani ko, da na yi asarar banza. Juma'a ta zo, filashin ɗaya. Ta gaba ma ɗaya. Ko sau ɗaya ban ce bari in kira in ji muryar yaron nan ba, alhali katin yana aljihuna da sauran kuɗi a ciki. Aka kai mu muka ga dalar Fir'auna, na hau raƙumi aka ɗauke ni hoto ina dariya. Na shiga tsohuwar kasuwarsu na yi ciniki har mai shago ya rantse cewa ni Bamasare ne aka rina.

Mun sauka Kano ranar Lahadi da safe. Direban ofis da ya zo ɗaukar mu, mutum mai surutu, bai ce uffan ba har Wudil, kuma duk lokacin da na dube shi sai ya mayar da ido kan titi. A Takur matata ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta tsuguna nesa da ni. Na tambaye ta jikin Baffa. Ta ce in sha ruwa tukuna. Daga nan na sani.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da binne shi. Na isa ruga da azahar, an riga an naɗe tabarmin zaman makoki. Ƙanin Baffa, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya ce shi ya hana a gaya mini. Ba a aika wa matafiyi labarin mutuwa, in ji shi, tunda ba zai riski jana'iza ba, sai dai a ɗora masa abin da ba zai iya saukewa a ƙasar mutane ba. Shi ya tilasta wa ƙanena ya ci gaba da zuwa Dutse yana yin filashin ɗaya. Ban yi musu da shi ba, don ni ma na sha ba wasu irin wannan shawara.

Sai da muka keɓe a bayan garke ƙanena ya gaya mini sauran. Ranar Talata jiki ya tsananta, suka samo mota suka kawo shi asibiti a Dutse. Da safiyar Laraba ya farfaɗo, ya ce a nemo masa ni a wayar nan da ake faɗa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ji tausayinsu ta ara musu tata.

"Na san ka ce ba za ka ɗauka ba, Hamma. Amma ba kira daga baya yake so ba, a lokacin yake so. Na ce ko Allah zai sa."

Baffa bai taɓa riƙe waya ba a rayuwarsa. Da aka kara masa ita a kunne ya ji tana ƙara, sai ya ɗauka shi ke nan an haɗa mu, ya fara magana. Ni ne ɗan farinsa, kuma kun san kunyar mutanenmu, tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ƙanena ya ce ranar ya kira shi sau uku. Baffa ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ni ma in yafe masa. Ya ce kada in bari a raba garken nan tun Inna mahaifiyarmu tana da rai. In wayar ta katse, sai ƙanena ya ce masa sabis ne, ya sake bugawa, tsoho ya ɗora daga inda ya tsaya.

"Da ya gama sai ya ce mini, ya ji kuwa? Na ce ya ji, Baffa, kuka ne ya hana shi amsawa." Ƙanena ya share fuskarsa da hannun riga. "Na yi wa mai mutuwa ƙarya saboda kai. Kafin la'asar ya cika."

Ba na jin haushin kowa a wannan magana sai kaina.

Masu shirin fita waje suna tambayata dabarar waya, to ga abin da na sani. Katin ƙasar da ka je ya fi araha nesa ba kusa ba, ka saye shi ranar da ka sauka, kuma ka yi amfani da shi, kada ka dawo da shi a aljihu kamar ni. Filashin yana gaya maka abin da mutanen gida suka ga dama ka sani ne kawai, saboda haka ka kira ka ji murya da kunnenka. In kuma ka bar mara lafiya a baya, waya ta yi ƙara ba ta tsaya ba, ka ɗauka, ko nawa ne.

Bayan sadakar arba'in na koma Kano don a rufe romin ɗin a mayar mini da jinginata. Ma'aikaciyar nan dai na tarar. Ta duba na'urarta ta ɗago tana murmushi.

"Malam, ka iya tattali. Mako uku a waje, ko kwabo ba a cire maka ba."

Ta ƙirgo kuɗin cif ta miƙo mini, na sa hannu biyu na karɓa.