Gurbin da Iya Mal-sun Ke Shanya Barkono

Daga tagar kicin ɗina a hawa na tara, filin ajiye motocin rukunin gidajenmu ba abin kallo ba ne. Motoci ne farare da baƙaƙe da masu ruwan toka, kowacce a cikin zanen farin fenti, da lambar gurbinta a ƙasa. Amma da zarar damina ta ja jiki, sama ta yi nisa ta yi fes, sai wani jan abu ya bayyana can ƙarshen filin, jikin katanga. Ja ne irin wanda idan ka kalla ka rufe ido sai ka ci gaba da ganinsa. Sau da yawa nakan tsaya da soso a hannu, famfo yana ta zuba, ni kuwa hankalina yana can ƙasa. Barkonon Iya Mal-sun ke nan, a gurbi na sittin da uku.

Iya Mal-sun ba ta da mota. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ko bas za ta shiga sai ta sha maganin jiri. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, bayanta ya ranƙwafa, kullum cikin wando mai furanni da faffaɗar hular rana. Kafin a dasa benayen nan a gefen garin Wonju, wurin ƙauye ne da ake kira Bamgol, kuma a nan ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, ta binne mijinta. Da aka karɓe gonakin sai aka ba ta gida a hawa na biyu, kuma kowane gida da gurbin motarsa.

Ranar da aka jefa ƙuri'ar gurabe har yau ana ba da labarinta. Mutane suna ta roƙon sa'a su sami na ƙarƙashin ƙasa, inda ba rana ba ƙanƙara. Iya ta zura hannu ta ciro ɗaya daga cikin masu kyan, dab da bakin lif. Nan take ta bi jama'a tana tambayar wa ya sami sittin da uku, wanda ke can nesa, babu ko inuwar sanda, inda mota ke gasuwa sai ka sa tsumma kafin ka taɓa sitiyari. Wani malamin makaranta ne ya samu, yana tsaye fuska a murtuke. Ta ce su yi musaya. Mutumin ya yi ta sunkuyawa yana godiya yana ja da baya, don kada ta farga ta fasa.

Ita dai ta ce wurin nan shi ne tsakar gidanta. Akwai wani tsoho ɗan ƙauyen da ya rantse cewa gidan su Iya yana ƙarƙashin bene na uku ne, amma ya rasu, gardamar ta bi shi. Ni ban sani ba, 'yar Busan ce ni, aure ya kawo ni. Abin da na sani shi ne idan na sauka shan iska na zauna gefen tabarmarta, takan nuna mini ƙauyen da yatsa. Rijiya tana inda farar motar likitan haƙori take. Garken shanun surukinta yana wajen kwandunan shara. Bishiyar kanya tana daidai ɗakin maigadi, kuma wai har yanzu da yamma inuwarta kan faɗo mata a kafaɗa. Tana magana, ƙwarin mazari jajaye suna ta shawagi a kan rufin motoci, suna tsammanin ruwa ne. Idan na daɗe ina sauraro, ƙamshin barkono ya shiga kaina, sai motocin su fara yi mini kamar baƙi ne da suka yada zango, gobe za su wuce.

A kasuwa take sayen ɗanyen barkonon buhu-buhu, ta goge kowanne da tsumma, ta jera. Ta ce wanda inji ya busar ba shi da rai, baƙi yake yi a cikin kimci, tsimammen kabejin nan mai yaji da ba ma cin abinci sai da shi. A kan tabarmar takan kafa ɗan kwali da lambar wayarta, kamar yadda kowa ke barin tasa a gilashin mota.

Motocinmu sun fi gurabe yawa, don haka marasa gurbi sukan gitta tasu a gaban na mutane, su bar ta a firi, ba hambirki, wanda aka tare ya tura abinsa ya fita. Iya ta koyi wannan fiye da masu motocin. Da zarar inuwar wata mota ta taɓa mata shanya, sai ta miƙe, ta jingina bayanta da but ɗin motar, ta kafa dugadugai, ta tura a hankali. Haka take yini tana kiwon motoci, rana na tafiya tana bin ta. Mutum ya ajiye motarsa a nan da safe, ya dawo ya same ta ta matsa yamma. Ba wanda ya taɓa ɗaga murya, don idan lokacin haɗa kimci ya zo, kowace ƙofa za a samu ƙullin garin barkono a rataye.

Sai kwamitin mazauna ya gaji da rigimar fakin, ya danƙa filin ga wani kamfani. Aka kafa shinge mai ɗagawa, aka maƙala kyamara a kowace kusurwa, aka raba sitika. Baba Pyo, maigadinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya saba cin abincin ranarsa a gefen tabarmar Iya, aka sa masa rigar kamfani, aka ba shi bandir ɗin takardun tara masu ruwan ɗorawa, masu gam ɗin nan da sai da ruwan zafi suke fita.

Ina wurin ranar da ya zo mata da ta farko. Ya zagaya tabarmar sau biyu yana neman gilashin da zai manna wa.

Iya ta ce, "Me ka yar, Pyo? Ko haƙoranka ne suka sake faɗuwa?"

"Yaya, ki yi wa girmanki ki kwashe kayan nan. An ce wurin mota ne."

"Wa ya ce?"

"Na sama."

"Na sama da na sani rana ce, kuma ita ba ta ce komai ba. Matsa, kana tare min ita da wannan tumbin."

Ya rasa yadda zai yi, ya manna takardar a kan dutsen da take danne tabarma da shi, ya tafi yana sosa ƙeya. Washegari ya ƙara wata. Kafin mako ya zagayo dutsen ya koma ruwan ɗorawa, shi kuma Baba Pyo ya koma cin abincinsa a ɗakin gadi, ƙofa a rufe. Tarar kuwa ba a dutse ta tsaya ba, ta biyo ta cikin kuɗin hidimar gida na wata.

Ni na raka ta ofishin kamfanin, don na san bakina, kuma na ji haushi. Ta sa rigarta ta zuwa biki, ta ɗauki dutsen a jaka. Manajan wani saurayi ne, Seok, mai ladabi har ya ba ka haushi. Ya kawo mata shayin sha'ir da hannu biyu.

Ta dire dutsen a kan teburinsa. "Ga mai laifin, ɗana. Shi aka rubuta wa, shi zai biya."

Ya yi murmushi. "Iya, gurbin na mota ne."

"Gurbin nawa ne ko ba nawa ba?"

"Naki ne, Iya. Amma na motarki."

"To ni ce motar. Shekara tamanin ina tafiya ban taɓa shan mai ba."

Na sa baki na ce, "Yallaɓai manaja, wa ta tare wa hanya? Wa ta ƙwace wa wuri? Ku da aka kawo ku raba faɗa, sai ku kama wadda ba ta faɗa da kowa?"

Ya juyo gare ni. "Maman Da-on, ki fahimce ni. Idan na bar barkono yau, gobe wani zai kawo kujeru, jibi wani ya kafa tanti. Tarar zan iya yafewa, wannan a hannuna yake." Ya gyara tabarau. "Amma akwai abin da ba a hannuna yake ba. Duk gurbin da ba a yi wa mota rajista ba zuwa ƙarshen wata, za a mayar da shi cikin ƙuri'a. Gidaje da yawa suna da mota biyu, suna jira."

Iya ta ɗauki kofinta. Ta shanye shayin, ta mayar da dutsenta jaka. A hanya ta tsaya bakin kwandunan shara ta daɗe tana kallon ƙarshen filin. Ta ce, "Sau ɗaya aka tashe ni daga nan, na ɗauka an gama." Tausayinta ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita.

Maigidana yana da wata tsohuwar akori-kura shuɗiya, ta lokacin da yake tallar kankana. Tun da ya koma tuƙin bas take yashe a bakin titi tana tara ganye. Da ya dawo aiki na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baban Da-on, wannan gawar taka tana tashi kuwa?"

"Wace gawa? Motar da ta biya kuɗin makarantar 'yarki?"

"To ta samu aikin ritaya."

Aka yi mata rajista a gurbi na sittin da uku. Manaja Seok da kansa ya manna sitikar, har yana cewa doka ta hana kaya a ƙasa, amma ba ta ce komai a kan abin da ke bayan mota ba. Muka shimfiɗa tabarmar a bayan akori-kurar, muka juye barkonon. Ƙarfe yana ɗaukar zafi, shanya ta yi saurin bushewa fiye da da. Mata suka fito suna tafi, malamin makarantar nan ya kawo lemo. Ni kuwa har wani ɗaga kai nake yi, na ji na yi abin kirki. Iya ta bi kowa ta yi godiya.

Daga tagata jan ya dawo yadda yake. Sai dai Iya ta daina zama. Takan zo da safe ta hau kan akwatin lemo ta juya barkonon, ta koma gida. Motoci suka huta da turi, kowacce tana kwana inda aka bar ta. Wata rana da hantsi na leƙa na gan ta tsugune a gefen taya, ta zura hannu ƙarƙashin motar, tafinta a kan kwalta, kamar mai taɓa goshin yaro. Ta daɗe a haka. A nan na gane mun ceto mata gurbin, mun kuma ɗora mata tan guda na ƙarfe a tsakar gida.

Da yamma na karɓi makulli wurin maigidana, na sauka, na sa motar a firi, na sauke hambirki. Ban gaya wa kowa ba, na dai buga ƙofar Iya na ce, "Iya, motar nan birkinta ya lalace, a riƙa hankali da ita." Ta dube ni ta ƙasan hula, ta ce, "Ke dai 'yar Busan, bakinki ya fi hankalinki sauri, amma yau sun iso tare."

Washegari ban yi wanke-wanke ba, na tsaya a taga. Ta fito da 'yar ƙaramar tabarma a hammata da kwanon barkono. Ta ratsa tsakanin katanga da bayan motar, ta jingina, ta kafa dugadugai. Akori-kura ba ƙaramar mota ba ce. Ta tura, ba ta motsa ba. Ta huta, ta sake, hular ta faɗi. Na jefar da soso na yi lif a guje.

Kafin in isa wani ya riga ni. Baba Pyo ne, da rigar kamfaninsa, bandir ɗin tara yana leƙe daga aljihu. Ya tsaya ya dubi kyamarar kusurwa, wadda ba ta ganin komai sai gaban motar da lambarta. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Sannan ya buɗe ƙofar direba, ya sa kafaɗa.

"Yaya, ki matsa kada ki karye a kan aikina."

"Tura dai, tumbin nan ya yi amfani yau."

Motar ta yi ƙara, ta gangara a hankali, taku ɗaya, taku biyu, hancinta ya ɗan leƙa hanya.

"Ya isa! Za ka faɗa min rijiya."

Ya ja hambirki. A bayan motar wani ɗan fili ya buɗe, faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarmar mutum ɗaya ba, rana ta sauka a kai. Iya ta shimfiɗa, ta baza barkonon da tafin hannu, ta danne gefe da dutsenta mai ruwan ɗorawa. Ta cire takalmanta ta jera su a kan farin layi, ta zauna ta miƙe ƙafa. Mazari suka taso daga rufin motoci suka zo suna kewaya ta.

Baba Pyo ya tafi ɗakin gadi. Na ɗauka shi ke nan, sai ga shi ya dawo da kwanon abincinsa ƙulle a ƙyalle. Da ya iso farin layin bai tsallaka ba. Ya cire hular kamfanin, ya yi gyaran murya irin ta baƙo a ƙofar gida.

"Masu gidan suna ciki kuwa?"

Iya ba ta ko ɗago ba, tana juya barkononta.

"Shigo," in ji ta. "Duk muna nan."