Kwamfutoci Shida na Mai Gyara

Mai Gyara ake ce masa a layinsu, don ya shekara ashirin yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago ƙarƙashin bene. Shi da wasu 'yan sa-kai suke rubuta manhajar adana bayanai, kyauta ga duk mai so. Da tsohuwar na'urar da suke gwaji a kanta ta mutu, sai ya shiga bin ofisoshi yana roƙon waɗanda aka daina amfani da su.

Wata bakwai yana sintiri kafin wani kamfani ya ba shi shida. Ranar ɗauka zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tura ƙanin matarsa, tunda ƙanin ke da mota.

Kullum sai ƙanin ya ce kamfani bai saki kayan ba. Da Mai Gyara ya warke, ya leƙa sabon shagon buga takardu da ƙanin ya buɗe. Ga su nan jere, duka shidan.

"Yaya, aikinka na kyauta ne," in ji ƙanin. "Nan kuwa za su ciyar da mutane."

A gida ya gaya wa matarsa. Ta sunkuyar da kai, ashe ta sani. Tun ranar a shago yake cin abincinsa.