Ashe ba kowa a jikin Inna

Muna cikin mota daga Kankia, mahaifiyata ta kama hannuna.

"Ɗiyata, ashe ba kowa a jikina?"

Shekara biyu tana fama da zafin jiki, gumi sharkaf da saurin fushi. A garinmu Ƙofa aka ce aljanu ne. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, har aka hana jikoki shiga ɗakinta.

Jiya a asibitin Kankia likita ta ce ɗaukewar al'ada ce, ta rubuta mata ƙwayoyin da ke maye gurbin sinadarin da ya ragu a jikinta.

"Ba kowa, Inna."

"To wa zai gaya ma jikokina? Ƙaraminsu da ya gan ni sai gudu."

Ni ce kuwa na fara hana nawa yaran shiga ɗakinta.

Jama'a, ta ina zan fara neman gafararta?