Alƙalin da Aka Kira Matsoraci

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin magatakarda, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da aka jefi Alƙali Malam Sa'idu a ƙofar kotunsa. Ku da kuka shigo aiki daga baya ba ku san shi ba, shi ya sa nake so ku ji.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, muna wata babbar kotun shari'a a ƙasar Daura. Aikina in rubuta abin da kowa ya faɗa, in karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. Gari ya ɗau zafi a kwanakin nan. Mutane sun gaji da ɓarayin shanu, kowa jira yake ya ga hannun farko da za a yanke.

Sai ga 'yan sanda da wani makiyayi mai suna Buba, ana tuhumarsa da satar bijimin Alhaji Mati, babban dillalin shanu a kasuwar Mai'adua. Mai gabatar da ƙara ya ce Buba ya amsa laifinsa tun a caji ofis. Ba a sami bijimin a hannunsa ba, mai shaida kuma ɗaya ne, ƙanen Alhajin.

Malam Sa'idu siriri ne mai sanyin murya, sai ka matso kake jin sa. Ya tambayi Buba ko shi ya sata. Buba ya juya, ya ɗaga rigarsa, muka ga shatin duka har ƙugu.

"Allah gafarta malam, na ce ni ne don su daina."

Ga wanda bai sani ba, in mutum ya yi iƙirarin sata sannan ya janye, haddin yanke hannu ya faɗi, sai fa in akwai shaidu biyu adalai. Kowane alƙali ya san haka. Ba sanin ne ke da wuya ba.

Aka ɗaga zama zuwa bayan azahar. Kafin nan sufeton kotunan shiyyarmu, wanda duk alƙalan wurin ke ƙarƙashin kulawarsa, ya iso. Ina cikin ofishin suka yi magana.

"Malam, ka leƙa waje kuwa? Ban ce ka yanke ba. Ɗage shari'ar, ya zauna gidan yari har gari ya huce, kai ma ka huta."

"Ranka ya daɗe, da wace hujja zan tsare shi? Kuma iyalinsa da ke daji, wa zai ɗage musu yunwa?"

"To ka sani, babu mai tsaya maka."

"Na sani."

Da aka dawo, ya karanta hukunci: babu hujja, an sallami Buba. Kafin in gama rubutawa waje ya kaure da ihu. 'Yan sanda suka ce ba su da ƙarfin fitar da Buba. Malam Sa'idu ya sauko daga kujerarsa, ya kama hannun Buba, ya nufi ƙofa. Na bi su. Wani matashi da ke jan taron ya ɗaga murya.

"Matsoraci! An saye shi!"

Dutsen da aka jefo, a saman ido ya sami alƙalin. Jini ya sauko kan farar rigarsa, bai saki hannun mutumin ba, bai kuma ƙara sauri ba. Ganin jinin alƙali ya sa na gaba-gaba suka ja da baya. Haka ya ratsa su har bakin titi, ya ɗora Buba a babur ɗin masinjanmu, ya tsaya sai da suka ɓace.

Wata bai cika ba aka mayar da shi hedikwata, aka ba shi tebur babu aiki har ya yi ritaya. Masallacin unguwarsu da yake limanci, aka nemi wani. Matashin da ya ja taron ranar kuwa ya zama kansila, maroƙa na yi masa kirarin namijin da ba ya tsoro. Daga baya labari ya zo cewa wani ɗan gidan Alhajin ne ya tsallaka da bijimin Nijar ya sayar. Babu wanda ya taka ya ce wa Malam Sa'idu yi haƙuri.

Na je gaishe shi yana jinyar da bai tashi ba. Na ce masa ban taɓa ganin marar tsoro irinsa ba. Ya yi murmushi.

"Malam Lawal, ai gwiwoyina rawa suke yi ranar. Riƙon da na yi wa Buba, rabi don kada in faɗi ne."

Ranar jana'izarsa, mutanen ofis da suka zo ba su cika tabarma ba.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a tsakiyar taron da ke bayansa, shi ake kira jarumi, alhali bai saka komai nasa a haɗari ba. Wanda ya san abin da zai rasa, yana jin tsoro, ya kuma tsaya shi kaɗai, sunansa matsoraci. In ranarku ta zo, ku yi abin da ya dace, amma kada ku sa ran wani zai ce sannu.