Ƙofar da Ja'afar Ya Kafa

Ja'afar ɗan malamin Islamiyya ne daga Dugabau, amma a Gwarzo ya ci ƙuruciyarsa yana buga wa mutane takardu a wani shagon kwamfuta. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ne, ga tsadar rayuwa ta shaƙe kowa, man janareto ma sai an yi dabara. Mutum ne mai kirki, sai dai akwai taurin kai, kuma ba ya son a taɓa masa girmansa na babban wa.

Ƙaninsa Lukuman, wanda ke karatu a Malesiya, shi ya koya masa wani wasa na intanet da babu hoto ko ɗaya a ciki, rubutu ne zalla. Ka rubuta "gabas", a gaya maka ka shiga kasuwa. Kowa na iya gina ɗakinsa, ya zuba kaya, ya rubuta wa kowane abu umarnin da shi kaɗai yake ji. Ja'afar ya gina gidansu na Dugabau kaf. Randar ruwa ya ba ta umarnin "sha", tabarma "shimfiɗa", har akuyar Inna Gwamma, mahaifiyarsu, ya sa tana amsa "kora". A nan suke haɗuwa duk Asabar, domin kiran waya ya fi ƙarfinsu.

Wata Asabar Lukuman ya ce in ya gama karatu zai tsaya can ya yi aiki. Ja'afar ya wanke shi tas, har da cewa ya manta asalinsa. Da ya huce, sai ya ga abin da ya rage wa gidan shi ne ladabi, kowa faɗo masa yake kamar tasha. Ya kafa ƙofa a zaure, ya rubuta mata umarnin "sallama". Ba ta buɗewa sai na ciki ya amsa, in kuma an yi sau uku shiru, ta mayar da baƙo kan titi, kamar yadda babansu ya karantar da su.

Tun daga nan Lukuman bai sake shigowa ba. Ja'afar na ganin sunansa cikin waɗanda ke kan layi, ya zauna a tsakar gida yana jira har wuta ta ɗauke. Abin ya ci masa rai ƙwarai, tsoro yake kada ya rasa ƙanin nan gaba ɗaya. Amma ya fara aika masa saƙo? Ai shi ne babba.

Damina ta kusa fita, wata Asabar, Inna Gwamma ta zo asibitin Gwarzo duba wata 'yar'uwa, ta biyo ta shagon.

"Yaya labarin ƙaninka?" in ji ta.

Ya nuna mata kwamfutar. "Ga sunansa nan, Inna. Yana cikin wasan, ya ƙi shigowa gida."

"Kai kana ina?"

"Ina cikin gida."

"To ƙafarka ce ta karye? Leƙa waje mana."

Ba don ransa ya so ba ya rubuta "fita". Sai ga rubutu ya bayyana: Lukuman yana tsaye a ƙofar zaure. Kafin ya ce uffan, wani layin ya biyo: Lukuman ya yi sallama.

Ja'afar ya buɗe umarnin ƙofar ya duba, nan take ya ga ɓarnar da ya tafka. Ya sa sallamar ta fito wa waɗanda ke waje kaɗai, bai aika ta cikin gida ba. Shi kuwa bai taɓa gwada ta da baƙo ba.

"Yaya," Lukuman ya rubuto, "duk Asabar nake zuwa. Na ɗauka har yanzu fushi kake da ni."

Ja'afar ya karanta wa Inna. Daɗi da kunya suka rufe shi lokaci guda, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya yi wa ƙanin bayani, ya koma ciki ya gyara umarnin ƙofar. Sallama ta fito a tsakar gida, ya amsa ta cikakkiya.

"Ya shigo?" Inna ta tambaya, tana leƙen gilashin kwamfutar da ba ta iya karantawa.

"Ya shigo, Inna. Yana gaishe ki."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Tambaye shi ko yana cin abinci sosai."