Mai Dalma da Injin Iska

Mai Dalma ake ce masa a layin masu gyara, don kullum ƙaurin dalma na bin rigarsa. Tun yana saurayi yake gyaran rediyo da caja a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa zama su miƙe ƙafa. Ba shi da yawan magana, sai in an taɓo zancen dayod, 'yar baƙar abar nan mai zobe a kai guda, wadda ke barin wuta ta wuce gaba amma ba ta bari ta komo. Nan kam sai ka gaji da ji. Zai ɗora biyu a tafin hannu, kamarsu ɗaya, ya ce wannan mai nawa ce, ta tsohuwar rediyo, waccan kuwa mai sauri, ta allunan wuta na cikin na'urorin zamani.

Matarsa takan ce, "Malam, da ka san halina kamar yadda ka san na 'yan tsakuwoyin nan, da ba mu taɓa faɗa ba."

Da girma ya kama su, ciwon huhu ya kwantar da ita. Likita ya ce a kula da ita a gida, amma sai da injin iska mai taimaka wa numfashi. Ƙanenta ya samo wani tsohon inji, aka ajiye shi gefen gado, yana gurnani, ita tana shaƙa.

Ran nan da hantsi injin ya yi shiru. Mai Dalma ya kwance shi, ya sa mitar awon wuta, ya ga dayod ce ta ƙone, mai saurin. Ya zazzage gwangwanayensa na kayan gyara kaf, duk masu nawa ne a ciki. Ya zaga layi, ya shiga kasuwa, kowa ya ce sai dai a aiko daga nesa. Da ya dawo, ya tarar leɓen matarsa ya soma duhu.

Ya san mai nawa ba za ta iya bin saurin allon ba, zafi za ta yi ta ɗauka har ta mutu. Haka nan ya liƙa ta. Injin ya tashi. Ya bar murfin a buɗe, ya zauna a ƙasa da mafici, in wannan ta ƙone ya cire ya sa wata. Ya rufe shago, yatsunsa duk suka yi bororo.

"Wai ni ce marar lafiyar ko injin?" in ji ta, tana haki. "Shi kake ta yi wa fifita."

"Ke dai ja numfashinki, Maman yara."

Daga baya mai saurin da ya sa a aiko ta iso. Ya sa ta, allon ya huce, injin bai ƙara tsayawa ba. Ta ga damina ta faɗi, har ta riƙa zama bakin taga. Wata la'asar yana ba ta labarin wani mai rediyo, ya ji ba ta amsa ba. Ko da ya duba, ashe rai ya yi halinsa. Injin na ta aiki lafiya ƙalau. Ya kasa kai hannu gare shi, sai babbar 'yarsu ce ta shigo ta kashe.

Ya koma shago, amma ido ya soma rauni. Da shekara ta zagayo 'yar ta ce, "Baba, ya isa haka," ta ɗauke shi zuwa gidanta. Shagon yanzu wani tela ne a ciki.