Ranar da Aka Ɗauki Hoton Idon Inna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na kai Inna Gummi a duba mata ido ba. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu, kuma shekara da shekaru ni ke jan ta ko bayan gida za ta. Mun sha magani har mun gaji. Da aka ce likitocin ido sun zo, sai da maigidana ya matsa sannan na shirya, don ni na riga na fid da rai.

Damina ce. Daga Gwashi muka hau mashin, inda taɓo ya yi yawa mu sauka in goya ta. Muka wuni a layi, sai bayan la'asar aka kira mu, ƙafafuna duk sun kumbura.

Ɗakin an toshe tagoginsa da barguna, ga duhu ga zafi. Likitan ya ce idon Inna baƙi ne ƙwarai, da tocila bai ga abin da yake nema ba. Sai ya sa ta ɗora haɓa gaban wata kyamara mai aiki da hasken da idon mutum ba ya gani. Ya ce zai haska mata fitila. In ɗigon da ke tsakiyar ido ya tsuke, jijiya na da rai, aiki zai yi amfani. In bai motsa ba, sai haƙuri.

Idon Inna ya fito a allo, ƙato, toka-toka. Ya haska na dama, shiru. Ya sake, shiru. Na jingina da bango, ina tunanin taɓon da za mu koma ciki. Da ya haska na hagu, sai na ga ɗigon ya tsuke a hankali.

"Ɗana, mi kag gani?" in ji Inna.

"Ɗaya na nan da rai, Inna."

Washegari aka yi mata aiki. Da aka cire auduga, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗiyata, ashe haka kika rame?"

Na zauna a ƙasa na yi kukan da na daɗe ban samu sukunin yi ba.

Tun ranar na gane gajiya kan sa mutum ya yanke hukunci kan abin da bai duba ba. Yanzu ko na gaji, sai na duba kafin in ce babu.